Kumfar da Ba Ta Fitowa Idan Ina Gida

Kifaye tara na ruwan teku, akwatin gilashi da ya kusa kai tsawon gado, buhu biyu na gishirin da ake haɗa musu ruwa, da alƙawarin da na yi wa Alhaji Mamman cewa ranar da zai buɗe gidan abincinsa a Malali baƙi za su tarar da su suna iyo a bakin ƙofa. Abin da na zuba ke nan a cinikin da kuke yi min dariya a kansa har yau. Ku a saninku wani mutumin Legas ne ya damfare ni ya turo min kifi marasa lafiya. Ba haka aka yi ba. Mutumin nan ya cika alƙawarinsa. Tunda wadda maganar za ta ɓata wa rai ta riga mu gidan gaskiya, gara ku ji yadda abin ya kasance daga bakina.

A lokacin na daɗe ina sayar da injin ruwa da bututu da tankuna a Babbar Kasuwa, kuma na haɗa wa gidaje da yawa ƙananan akwatunan kifi na ruwan daɗi, ba a taɓa dawo min da ko ɗaya ba. Alhaji Mamman ya ga irin na teku a wata tafiya da ya yi, masu launi kamar an yi musu fenti, ya ce shi irinsu yake so. Na san idan nasa ya yi kyau masu otal za su biyo layi, don haka na karɓa. Shagona ba fili, ba kuma wuta mai tsayawa, sai na kafa akwatin a falona na Hayin Banki inda nake da sola, da niyyar kifayen su huta su saba kafin a kai su. Ni da Isiyaku muka haɗa, abokina Bakano mai aikin famfo, wanda bai taɓa shiga gidana ya fita bai tsokane ni ba.

"Kai Bazazzage," in ji shi ranar da muka fara, "kifin teku a Hayin Banki? Ku da ko tarwaɗa sai an kawo muku a kwando?"

Aikin ba wuya gare shi a ido. Ruwa yana gangarowa daga akwatin sama ta bututu zuwa wani ƙaramin akwati da ke ɓoye a ƙasa cikin kabad na katako, a tace shi a can, inji ya sake tura shi sama. Na ja layi da baƙin alƙalami a jikin akwatin ƙasan. Mutumin Legas ya koya min cewa zafi yana shan ruwa amma yana barin gishiri, saboda haka idan ruwa ya ragu ruwa zalla ake ƙarawa, ba a sa gishiri. Haka na faɗa wa Ummanku, tunda ita ce a gida: duk sanda ta ga ya sauka daga layi ta ciko daga bohol. Bazara ce, zafin shekarar kuwa ba na wasa ba ne.

Kakarku Inna tana tare da mu a lokacin. Ta dawo daga Rigachikun bayan rasuwar mahaifina, tana ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar uwarku ba za ku gane yadda muka zauna da ita ba. Ni ne ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan na durƙusa gaisuwa takan kawar da kai ta amsa a gajarce, idan ina falo ba ta shiga, idan tana son wani abu sai dai ta ce wa Ummanku "faɗa wa mijinki", shi ma ba ya wuce a gyara ƙofa ko a kira ƙanwata. Abin kanta ba ta taɓa roƙa ba. Haka aka rene ta, haka na tarar, ban kuma taɓa ɗaukar sa ƙiyayya ba.

Ina shago wata ranar da hantsi Ummanku ta kira ni a firgice.

"Alhaji, ruwan kifin nan ya zama fari fat, kamar an zuba madara."

"Kin taɓa wani abu?"

"Ni me zan taɓa? Ka zo ka gani."

Kafin in samu keke in fita daga cunkoson kasuwa in iso gida, abin ya lafa. Saura ƙananan kumfa kamar ƙura, sun manne a gilashi da jikin duwatsu, wasu suna yawo. Ruwan gishiri ba ya sakin kumfa da wuri kamar na daɗi, wannan na sani. Na buɗe kabad, ruwa yana kan layi daidai, inji yana aiki lafiya, ƙasa a bushe. Na fara zargin wuta, na ce ƙila lokacin da aka ɗauke ta sola ta karɓa injin ya tsaya iska ta shiga. Na kashe na kunna da hannuna, ya yi aman manyan kumfa, suka fashe nan take, ruwa ya koma garau. Ba irin wanda aka kwatanta min ba ne.

Na kira Legas. Mutumin ya ce in duba bututun da ke gaban inji, ɓangaren da yake zuƙa. Ya ce tsaga a can ba ta ɗigar da ruwa, iska take ja, don haka ido ba ya ganin ta. Ya ce in shafa kumfar sabulun aski a kowace mahaɗa in ga inda za ta lotsa. Ni da Isiyaku muka durƙusa muna shafa wa bututu sabulu kamar wanzamai, ba inda ya lotsa. Duk da haka na sa ya yanke su duka, muka sa sababbi daga shagona, gam sabo, farin tef a kowane zare. Na zauna a gida washegari da jibi ina kallo, ruwa kamar madubi. Na ce an gama. Ranar da na koma kasuwa, ban gama buɗe shago ba waya ta yi ƙara.

Daga nan na shiga canje-canje. Akwai wata na'ura a akwatin ƙasa da ke tara datti ta hanyar kaɗa kumfa, na ce ita ce, na matsar da ita nesa da inji na toshe tsakaninsu da soso. Kumfa ta dawo. Na ce ruwan da ke gangarowa daga sama ne yake faɗowa da ƙarfi, na ƙara wa bututun tsawo ya nutse. Ta dawo. Na cire injin gaba ɗaya na sa wanda ya fi kowanne tsada a shagona, wanda nake rantse wa masu saye a kansa. Ta dawo. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ban taɓa ganin ta da ƙarfinta ba. Ranar Juma'a da ba na fita da safe ba ta zuwa. Ranar da na yi zazzaɓi na wuni a falo ba ta zo ba. Sai na sa ƙafa waje.

"To ai maganin ya samu," in ji Isiyaku. "Ka rufe shago, Alhaji Mamman ya ɗauke ka aiki ka riƙa zama gaban akwatin. Kumfar nan kunyarka take ji."

"Ka bar wasa, Isiyaku."

"Wallahi ba wasa nake ba. Na yi aikin famfo tun kafin ka auri Hajiya, ban taɓa ganin bututu mai duba ko maigida yana nan ba. Ko dai mutanen ɓoye ne suka biyo kifin daga teku? Ka san ba a raba su da ruwa."

Na yi dariya a gabansa, amma ba zan ɓoye muku ba, da yamma na tofa addu'a a jikin kabad ɗin.

A cikin haka Alhaji Mamman ya biyo da wani abokinsa da rana tsaka don ya nuna masa kayansa, ba tare da ya sanar da ni ba. Suka tarar da akwati fari, kifi ba a ko ganin su. Ya kira ni yana faɗa-faɗa, na ba shi haƙuri na ce ƙaramin gyara ne. Bayan wannan sai kifayen suka fara sauyawa. Wani rawaya mai faɗi, wanda ya fi kowanne kyau, ya daina cin abinci, ya koma bayan dutse, da safe na tsince shi a kwance. Wani ya bi shi. Na ɗauka kumfar ce ke shiga musu, sai mutumin Legas ya tambaye ni yaushe rabona da auna gishiri. Gaskiya hankalina duk yana kan bututu. Na ɗauko ma'aunin na tsoma, allurar ta tsaya can ƙasa da inda ya kamata. Na ce ma'aunin ya lalace, na ɗanɗana ruwan da harshena, na ji salam. Nan kaina ya ƙara kullewa. Gishiri ba ya tashi sama da zafi, in ya ragu to ruwan ne yake fita da shi. Na shimfiɗa takardu ƙarƙashin kabad da bayan akwati, suka kwana suka wuni a bushe. Na ƙara gishiri a hankali ya dawo daidai, bayan 'yan kwanaki ya sake sauka.

Na tambayi Ummanku, "Ruwan da kike ƙarawa, yana da yawa ne?"

"Zuwa layi, kamar yadda ka ce."

"Kullum?"

"In ya sauka."

Tana tankaɗe ne a lokacin, ba ta ɗago ba. Na lura da hakan, amma ban san inda zan ajiye shi ba.

Mantuwa ce ta warware min. Na fita wata safiya har na kai Kawo na tuna na bar makullin sito a aljihun wata riga, na juyo. Tun daga zaure na ji wani sauti kamar mutum yana zuƙar ƙarshen kunu. Na shiga falo na ga abin da ake ta ba ni labari: akwati fari fat, kumfa tana fita daga bututu kamar hayaƙi. Na buɗe kabad. Ruwa ya sauka ƙasa da layi da kusan tsawon tafin hannu, bakin injin ya kusa fitowa fili, ruwan yana juyawa a kansa ya yi ɗan rami, iska tana bi ta ramin. Duk abin da na yi makonni ina nema ga shi a gabana, ko yaro ya gani ya gane. A kan siminti kuma ga ɗigon ruwa, ya fita ƙofa ya bi tsakar gida. Na bi shi. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakinta, ƙafafunta biyu cikin daro, ga bokiti a gefe. A idon sawunta, inda ruwa ya bushe, gishiri ya yi fari.

Na durƙusa. "Ina kwana, Inna."

Ta kawar da kai. "Lafiya."

Na tashi na ɗauki makullina. Na samu Ummanku a kicin, ta riga ta ga shigowata, ta tsaya riƙe da bokitin da za ta ciko daga bohol.

"Tun yaushe?" na ce, murya ƙasa.

"Tun satin da aka kawo su. Ranar farko ni ma ban sani ba, shi ya sa na kira ka. Daga baya na gan ta."

"Kika bar ni ina yanka bututu?"

"In ce maka me, Alhaji? In ce Inna tana ɗibar ruwa? Da wane bakin? Ƙafarta ke kumbura, kai ba ka sani ba don ba za ta bari ka sani ba. Ta ce tana amarya ta yi ciwon ƙafa, Baba ya kawo mata ruwan teku a galan daga Legas lokacin yana tuƙin babbar mota, ta jiƙa ta warke. Da ta ji an ce kifin teku ne, shi ke nan."

"Ruwan bohol ɗinmu ne fa. Ni na zuba masa gishiri da hannuna."

"Na haɗa mata wani a roba, ta ce wannan ruwan miya ne, ita na wurin kifin take so. In kana iyawa je ka faɗa mata."

Na tsaya a kicin ɗin nan ban san abin da zan yi ba. Ni mutum ne da in kaya suka lalace nakan nemo dalili in faɗe shi ko wa zai ji haushi, da haka na kafa shagona. Amma na san Inna. Da ta ji cewa na sani, balle ta ji kifi sun mutu ta dalilinta, ba za ta ce uffan ba. Za ta ɗaure kayanta ta ce a kai ta Rigachikun wurin ƙanwata, kuma ba za ta sake kwana a gidana ba. Tunda aka haife ni, wannan ne abu na farko da ta miƙa hannu ta ɗauka a cikin kayana don kanta, shi ma sai da ta jira na fita.

Na ce wa Ummanku kada ta sake ƙara ruwan bohol. Na kira Isiyaku muka kafa durom a bayan bangon falo, na cika shi da ruwan gishiri da na auna, muka huda bango muka shigo da siririn bututu zuwa akwatin ƙasa, a bakinsa muka sa ƙwallon nan mai rufe ruwa irin na tankin bayan gida. Duk abin da aka ɗiba, durom zai mayar nan take da gishirinsa. Bakin injin kuma muka sa masa lanƙwasasshen bututu ya kalli ƙasa. Abin da zafi ya sha ni nake aunawa da yamma in daidaita. Isiyaku ya gama ɗaurewa ya goge hannu ya dube ni.

"Wannan aikin na wanda ya san inda ruwansa ke tafiya ne."

"Ka tattara kayanka, Bakano."

Bai sake tayar da maganar ba, Allah ya saka masa. Kumfa ba ta ƙara fitowa ba, ko ina gida ko ba na nan. Sai dai kafin ruwan ya zauna wasu biyu sun bi na farko, saura biyar.

Alhaji Mamman ya zo ana saura kaɗan buɗe gidan abincin. Ya fara leƙawa tsakar gida ya gaida Inna, don mahaifiyarsa 'yar Rigachikun ce, unguwarsu ɗaya, duk biki da suna tare ake ganin su. Sannan ya shigo falo ya daɗe yana kallon ruwan, garau, kifi biyar suna kai da kawowa.

"To, ya yi kyau yanzu," ya ce. "Biyar ɗin ma zan karɓa, a ƙaro sauran daga baya. Abu ɗaya nake so. Me ya kawo farin nan, me ya kashe huɗun?"

Amsar tana bakina, kuma amsa ce mai sayar da kaya, don a Malali ba wanda zai ɗebi ruwa ya jiƙa ƙafa. Da na faɗa da ya yi dariya ya ce a ɗauko mota. Dariyar ce matsalar. Alhaji Mamman mutumin kirki ne, amma labari ba ya kwana a cikinsa. Kafin Magariba majalisarsu ta ji, kafin Juma'a mahaifiyarsa ta ji, daga nan sai a dawo wa Inna da shi a gidan biki ana tafawa.

"Na yi gyare-gyare da yawa, Alhaji," na ce. "Ya daina."

"Na ga ya daina. Wanne ne ya gyara shi?"

"Ban sani ba."

Ya juyo ya kalle ni sosai. "Kai? Kai da kake gane ciwon inji daga jin ƙararsa? Ka faɗa min gaskiya, in kayan Legas ɗin ne marasa kyau mu san abin yi."

"Kayan lafiyarsu ƙalau."

"To aikin Isiyaku ne?"

"Aikinsa ba aibu."

"Ikon Allah. Kaya lafiya, aiki lafiya, kifi sun mutu, maigida bai sani ba." Ya gyara hularsa. "Ka yi haƙuri, ba zan sa abin da mai shi bai san kansa ba a gaban baƙina. Ranar da ya yi fari ana cin abinci, wa zan kira?"

Na raka shi mota, muka yi sallama lafiya. Kuɗin da ya bayar tun farko na mayar masa. Labarin da ya samu ya ba majalisa shi ne na dillalin da kumfa ta gagara, kuma daga nan sunan Alhaji Mai Kumfa ya fito, wanda 'yan layinmu suke kira na da shi har gobe.

Ga yadda cinikin ya tashi. Na rasa aikin Malali, na rasa masu otal ɗin da nake hange, don ba wanda ya sake tambaya ta kifin teku. Huɗu sun mutu, biyar ɗin suka zama nawa dole, ina ciyar da su ina saya musu gishiri daga Legas ba mai saye. Ƙafar Inna kuma, da Ummanku ta lallaɓa ta suka je asibiti, likita ya ce hawan jini ne, ruwan ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Ta karɓi ƙwayoyin, ba ta fasa jiƙa ƙafarta ba. Ta zauna a gidana har ranar da aka fitar da ita. Ko ta san abin da ya faru, ko ta ji maganarmu da Alhaji Mamman ta taga, wannan har yau ban sani ba, na juya shi a raina ya fi a ƙirga.

A ɓangaren riba abu ɗaya ne ya shigo. Ranar da Alhaji Mamman ya tafi, bayan La'asar, ina zaune a gaban akwatin Ummanku ta shigo da abinci ta ajiye, ta tsaya tana murmushi.

"Inna ta ba ni saƙo."

"Ƙofar ce kuma?"

"A'a. Ta ce in faɗa wa mijina ruwan ya ƙara ƙarfi kwanan nan, Allah ya yi albarka."

Buhu na biyu ya kusa ƙarewa a lokacin. Washegari na kira Legas na ce a ƙaro.